Neman Dariyar Yaya a Maiduguri

Mun tashi da asuba daga Azare ranar Litinin, ko addu'a ban gama shafawa ba Yaya ta fara buga min ƙofa. Masu bibiyata a nan kun san ni da son yawo, to wannan karon rakiya na yi. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, malamar firamare, 'ya'yanta uku, kuma tunda na yi wayo ban taɓa ganin ta yi dariya baki buɗe ba. In ta yi murmushi leɓenta na sama ɗagewa yake yi sosai, dasashi ya fito har ya fi haƙoran yawa. Ba ciwo yake mata ba, ba ya hana ta cin komai. Amma tun tana aji biyu yara suka laƙaba mata wani suna a kansa, sunan da ba zan rubuta a nan ba. Daga lokacin ta koyi dariya ta hanci, ta koyi kai gefen mayafi baki, ta koyi tsuke fuska a hoto kamar wadda aka yi wa laifi.

Wata abokiyar aikinta ce aka gyara wa irin wannan a Maiduguri, wurin wata likitar haƙori mace. Yaya ta ga aikin da idonta, ta shekara guda tana juya maganar a ranta, sannan ta nemi izinin maigidanta, ta ɗauki hutun mako ɗaya. Inna kuwa, mahaifiyarmu, ce mata muka yi za mu je barka wurin ƙawata da ta haihu a Bolori. Ƙawar tawa ta haihu ɗin da gaske, sauran bayanin ne muka haɗiye. Inna ta yi ta faɗa a kan hanyar, daga baya ta bi mu da addu'a har bakin ƙofa.

Direbanmu wani dogon mutum ne mara wasa. Tun a tasha ya shelanta cewa mai son fitsari ya yi yanzu, don ana rufe ƙofar shiga Maiduguri da yamma, kuma shi ba zai kwana a daji saboda marar wani ba. Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani a da. A Potiskum ya ba mu minti goma, muka sayi ƙosai mai zafi da kunun tsamiya, tireloli cike da shanu suna ta wuce mu suna yin kudu. Har Damaturu motar cike take da surutu. Wata mata tana ba da labarin surukarta, wani ɗan kasuwa yana faɗa da yaronsa a waya. Muna fita daga Damaturu, ba wanda ya ce a yi shiru, amma kowa ya yi. Direba ya kashe rediyo. Layin waya ya ɗauke.

Shingen sojoji na daina ƙirga su. A wasu a leƙo a ce mu wuce, a wasu kowa ya sauko da katin shaidarsa a hannu, mu taka a ƙafa, mota ta same mu a gaba. Na ga garuruwan da aka zagaye da rami. Na ga gidaje ba rufi, bango ya yi baƙi, a jikinsu kuma an ta da sababbi da kwano mai ƙyalli. A Benisheikh wani tsoho yana facin taya a gindin bangon da harsashi ya huhhuda, hankalinsa kwance, yana tauna goro. A Jakana mata suka yanyame motar da kankana da gyaɗa, suna ciniki suna tsokanar direba, kankana guda a kuɗin da a Azare yanka biyu za a ba ka. Wallahi kunya ta kama ni. Ni da nake wucewa cikin mota zuciyata na dukan uku-uku, su kuma nan suke kwana su tashi.

Mun shiga gari da la'asar, ƙofa a buɗe. Jama'a, ban san me na zata zan gani ba, amma ba wannan ba. Tituna masu faɗi, itatuwan dalbejiya sun yi layi sun haɗe kai ta sama, inuwa ko'ina. Babu babur ko ɗaya, an hana shi tun farkon rikici, sai keke mai ƙafa uku kamar ƙasa. Mata cikin lafaya kala-kala suna tafe a natse, duk wadda ta gifta sai ta bar maka ƙamshin humra a hanci. Ɗalibai da jakunkuna, masu shayi suna jera kofuna, ana ta gini. Na leƙa ta taga baki sake har mai keke ya tambaye ni ko yau na fara zuwa birni.

A Bolori ƙawata ta tarbe mu da burabusko da miyar kuka da ta sha bandar kifi. Na ci har na rasa inda zan sa kaina. Garin ya daɗe ba wutar lantarki saboda an lalata turakun da ke kawo ta, amma gidan fes, ga fanka na juyawa da hasken rana, ga turaren wuta a kasko. Mijinta Babarbare ne, mu kuma Fulani, kun san wasan da ke tsakaninmu tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗaya bawansa ne. Yana shigowa ya ce, “A'a, bayina sun iso? A ina kuka ɗaure shanun?” Na ce masa a ƙofar gidan bawanmu, ya je ya ba su ruwa. Kowa ya fashe da dariya. Yaya ta yi tata ta hanci, mayafi a baki.

Ranar Talata muka tafi asibitin, wani ƙaramin gida ne wajen Mairi. A ɗakin jira akwai wani bawan Allah da aka ɗaure wa muƙamuƙi da waya, ɗan'uwansa na ba shi kunu ta tsinke. Akwai wata mata da tabo ya ratsa mata kunci har leɓe. Ba mu tambaya ba, ba sai an faɗa mana ba. Yaya ta matso kusa da ni ta raɗa min, “Ke, tashi mu tafi. Dubi abin da ya kawo mutane, ni kuma kwalliya.” Na riƙe mata hannu gam har aka kira mu.

Likitar 'yar siririya ce, ba za ta girmi Yaya ba, Hausarta da karin Barebari. Maganar da Yaya ta fara yi mata ke nan, cewa tana jin nauyin cin lokacin masu ciwon gaske. Likita ta ce, “Malama, mutumin da kika gani a waje, da na ce masa zai koma cin tuwo bai ce komai ba. Tambayarsa ɗaya, in ya yi dariya 'ya'yansa za su tsorata? Zauna in duba ki.”

Ta duba, ta auna da wani siririn ƙarfe, ta ɗauki hoton ƙashi. Ta yi mana bayani dalla-dalla yadda ko ni na gane. Ta ce abin iri-iri ne. Wani ƙashin muƙamuƙinsa na sama ne ya yi tsawo, wannan babban aiki ne. Wani leɓensa ne ke ɗagewa fiye da kima, akan yi masa allura ta sassauta shi na 'yan watanni, ko a yi ɗan ɗinki ta ciki. Wani kuma dasashin ne ya sauko ya rufe haƙora, sai su zama kamar gajeru alhali tsawonsu na nan a ɓoye. Ta ce na Yaya yawanci wannan na ƙarshen ne, rage dasashin za a yi. Sai ta ajiye ƙarfen ta ce, “To, yi min dariya.”

Yaya ta yaƙe haƙora. Likita ta girgiza kai, ta ce wannan na hoton fasfo ne. Yaya ta sake. Ta ce wannan na gaida suruka ne. Aka yi ta yi, ni ina gefe ina gwalo ina kwaikwayon muryar shugaban makarantarsu, a banza. Leɓen nan shekara talatin ana horar da shi, ya ƙi sakin jiki. Likita ta zare safar hannu ta ce ita ba ta yanka sai ta ga inda leɓe ke kaiwa in mutum ya yi dariyar da ta ƙwace masa. In ta auna da murmushin ƙarya, ko ta rage kaɗan a sha wahala a banza, ko ta zarce, kuma naman da aka cire ba mayar da shi ake yi ba. Ta juyo gare ni ta ce, “Ke ƙanwarta ce? Kina da waya? Ki ɗauko min ita a bidiyo tana dariyar gaske. Ranar Alhamis kaɗai nake irin wannan aikin. In kun samo, bismilla. In ba ku samo ba, ku koma gida, ba zan taɓa ta ba.”

Tabɗi! Ban taɓa jin likitan da ya rubuta wa mutum dariya a maimakon magani ba. Na fito ina jinjina wa matar nan, Yaya kuma ta fito idonta ya ciko. Hutunta Lahadi zai ƙare, kuma na san halinta, in ta koma Azare haka ba za ta sake yunƙurin nan ba har abada.

Laraba tun da hantsi na fara farauta. Na nuna mata duk wani bidiyon ban dariya da ke wayata. Na yi mata cakulkuli, ta make min hannu. Ƙawata ta kai mu gidan zu, biri ya fizge wa wani mutum hula ya ɗora a kansa, kowa na ƙyaƙyatawa, na juyo da waya na tarar mayafi ya riga ni. Muka shiga Kasuwar Monde, ana caje jaka a ƙofa, ciki kuwa ba masaka tsinke. Layin masu turare kaɗai ya isa a yi tafiya dominsa, itace da farce da kwalabe jere har rufi, kowace mai shago na shafa maka a bayan hannu har ka rasa wanne ne wanne. Masu shagon ma da suka ji mu Fulani ne sai da suka tsokane mu. Matsalar ita ce, da na ɗaga waya Yaya ta san abin da nake nema, sai fuskar ta ƙulle. Bayan azahar ta ce min a gajiye, “Bari kawai. Gobe mu nemi mota.” Raina ya ɓaci, na ce mata ba inda za ni, ta tafi ita kaɗai in ta iya.

Ƙawata ce ta raba mu. Ta ce tunda tafiya za a yi, a je a saya wa maigidan Yaya hula, kada a koma masa hannu biyu. Ta kai mu Tsohuwar Maiduguri, wani gida da matan da suka gudo daga wajen Bama suke zaune suna ɗinkin hula. Su kusan goma a kan tabarma a inuwa, kowacce da allura da zare, hula ɗaya sai ta ci makonni. Na tsaya ina kallon yadda zane ke fitowa daga hannun da ko duban sa ba a yi, na nemi izini na fara ɗaukar su a waya don in nuna muku. Na ma manta da maganar dariya.

Babbarsu wata tsohuwa ce mai tsagen Barebari, haƙoranta jajur da goro da fure. Ta dubi Yaya sama da ƙasa, ta ce, “Wannan dogon hancin, Fulata ce ko?” Aka ce mata eh. Ta ajiye hular ta ce mu zauna, tana da ƙara a kan danginmu. Da Hausarta mai karyewa ta fara ba mu labarin ranar da suka gudo. Kwana uku suna tafiya a daji, ita da jikoki huɗu, ba ruwa, ƙafa ta fashe, ƙaramar ta daina kuka ma. Sauran matan kuwa na ga suna ta murmushi, ashe sun san inda za ta. Ta ce a rana ta uku suka ci karo da wani Bafulatani, ya tatso nono ya cika ƙwarya ya ba su, ya sake cikawa.

“'Yata,” in ji ta, tana dafa gwiwar Yaya, “gidana ya ƙone, na jure. Awakina sun tafi, na jure. Amma ni, ni da kaina, in buɗe baki in ce wa bawana na gode? Har yau ban warke ba.” Matan suka kwashe. Ta ɗaga hannu ta ce ba ta gama ba. “Muna gama sha, ga hayaƙin wani gari yana tashi a bayanmu, duniya tana ƙarewa, sai mutumin nan ya matso a hankali ya ce, Kaka, don Allah da kuke tahowa, ba ku ga wata jar karsana mai karyayyen ƙaho ba?”

Sai na ji wani sauti a gefena da ban taɓa ji ba. Na waiga, sai ga Yaya ta yi baya, hannu biyu a ciki, mayafi ya zame, baki buɗe har kunne, hawaye na zuba. Tana so ta tsaya ta kasa, ta ce “karsana” sai ta sake fashewa. Dasashin nan duk a waje, kuma wallahi ban taɓa ganin ta yi kyau irin na lokacin ba. Allah Ya sa wayar na hannuna tana ɗauka. Na juya ta wajen Yaya, ni ma ina dariya ina kuka. Matar da ta rasa komai ce ta zauna ta mayar da ranar da ta fi kowace muni a rayuwarta abin ba baƙi dariya. Tsohuwar ta kalli bakin Yaya ta ce, “Ka ga baiwata da baki mai kyau, take ɓoye shi.” Muka sayi hula biyu, ko ragi ban nema ba.

Ranar Alhamis likita ta kalli bidiyon sau uku, na farko ita ma dariya ta hana ta aiki. Sannan ta tsayar da shi daidai inda leɓen ya kai ƙarshe, ta auna, ta ɗiga alamu a dasashin Yaya, ta ba ta madubi. Ta ce abin da za ta rage bai kai yadda ta zata da farko ba, kuma za ta bar kaɗan ya riƙa lekowa don fuskar ta zauna tata. Ta tambaye ta, “Kin tabbata?” Yaya ta ce ta tabbata. Aka yi allurar kashe zafi. Da wata na'ura mai kamar biro ta yi aikin, bakin na'urar na fitar da ɗan haske, tana bin gefen kowane haƙori a hankali. Jini kaɗan ne, sai ɗan ƙauri kamar ana babbaka. Ni da aka bari na tsaya daga nesa, gani na yi haƙora suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, dogaye farare, ashe suna nan tun tuni. Ko awa ɗaya ba a yi ba. Da aka miƙa wa Yaya madubi ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ikon Allah. Haƙorana ne waɗannan?”

Aka hana ta yaji da abu mai zafi da asuwaki na kwanaki, aka ce ta riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Ranar Juma'a tana shan kunu mai sanyi tana harara ta, ni ina gabanta ina cin gasasshen nama da yaji, don ban ga dalilin da za mu yi jinya mu biyu ba. Asabar da sassafe muka kamo hanya. Shingayen na nan, ramukan na nan, amma wannan karon na saki jiki na kalli mutane. A Jakana Yaya ta yi ciniki da mai kankana har ta yi mata murmushi, da ɗan kumburinta da komai.

Gidan Inna muka fara sauka bayan la'asar. Tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Yaya ta durƙusa ta gaishe ta, ta ɗago, ta yi murmushin da ta sha wahala a kansa. Inna ta dube ta sau ɗaya ta kau da kai. Yaya ce 'yar fari, kuma Inna irin matan da ne, ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata magana kai tsaye in da wani a wurin, ba ta taɓa yabonta a gaban mutane ba. Don haka ni ta fuskanta. Ta ce, “Me aka yi wa bakin yarinyar nan?” Na faɗa mata gaskiya duka, ina jiran faɗa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ture farantin gefe, sannan ta ce, “Duk cikinku ita kaɗai ta ɗauko dariyar mahaifinku. Haka nasa yake, sak. In ta manta ta yi a ɗaki, nakan tsaya a bayan labule in leƙa.” Ina goye mahaifinmu ya rasu, Yaya tana da shekara biyar. Hotonsa ɗaya ne a gidan, shi ma fuska a tsuke. Yaya ta ce, “Inna, me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?” Inna ta amsa tana kallona, “Ta yaya zan faɗa mata?”

Na je Maiduguri ina tsoron hanya, na dawo ina girmama mutanen da ke zaune a kanta. Na ga likitar da ta ƙi sa wa mutum hannu sai ta ga ainihinsa, na ga tsohuwar da wuta ta cinye wa gida ba ta cinye mata wasa ba. Yaya ba ta yi nadama ba, na tambaye ta, ta ce ko ta sani tana jin da ta yi, sai dai da ta yi shekara talatin ɗin nan ba ta tsani bakinta ba. Abin da na koyo ke nan, kuma a tsakar gidanmu na koye shi bayan na sha doguwar hanya: in kana son wani abu a jikin naka, ka faɗa masa tun yana ɗauke da shi.

Kafin magariba na zauna kusa da Inna na kunna mata bidiyon. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta matso da ita daf da fuskarta. Da ya ƙare ba ta miƙo min ba. Ta ce, “Mayar min da shi farko.”